Daga Jagaban Ayari Zuwa Mariƙin Waya: Tarihin Sanin Hanya a Ƙasar Dutse

Sanin hanya sana'a ce a ƙasar Dutse tun kafin a ga mota. An yi mutanen da da ita suka ci suka sha, suka aurar da 'ya'yansu, ba su da wata haja da ta wuce sanin inda rijiya take, da inda rairayi ke riƙe ƙafar jaki, da garin da baƙo zai kwana ya tashi da kayansa cif. A yau rabin wannan sana'a ya koma cikin wayar hannu, ita kuma wayar ta hau wani ɗan mariƙi da ake mannawa a gilashin gaba ko a kafa a kan dashbod. Ina da shi a motata. Aikin malamin gona ne ke yawo da ni a ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Miga da Buji, don haka na san ranarsa, na kuma san inda ƙarfinsa ya ƙare. Kakana na wajen uba da jakai ya yi fataucinsa. Ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa, daga karen mota ya fara har ya zama direban babbar mota. Abin da na ji daga bakinsu, da abin da na gani da idona, shi ya sa na ce rabi, ban ce duka ba.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908, ya ambaci Dutse a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. Ya nuna Burja ne sarkin Kano na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse, kuma a zamaninsa ne aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A ganina maganganun biyu ɗaya ne. Sarkin da ke son ayarin gabas ya iso masa lafiya dole ya nemi zumunci da masu garuruwan da ke tsakaninsa da Barno, Dutse kuwa tana cikinsu. Sannan ga duwatsun kansu. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, inda mutum zai yi tafiyar yini bai ga abin da ya fi kuka tsawo ba, duwatsun da suka kewaye Garu, tsohon garin Dutse, alama ce da ba ta ƙaura, ba ta bushewa, gatari ba ya sare ta. Matafiyi ya hango su daga nesa ya san inda yake. Haka na Birnin Kudu, waɗanda ke ɗauke da zanen shanu da mutanen dā suka bari a jikinsu.

Babban ayari yana da shugabanni, kowa da aikinsa. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke magana da sarakuna. Uban dawaki ke tara kuɗin fito da na wucewa, ya yi shela a zango. Akwai malami mai duba ranar tashi da riƙe lissafi. Amma wanda ya shafi zancenmu shi ne jagaba. Shi ke gaba da kowa, shi ke duba sawu a ƙasa ya san ko 'yan fashi sun gitta, shi ke zaɓen wurin sauka, kuma shi ake zarga idan aka wuni babu ruwa. Ba ya karanta takarda. Gamzaki ne ke gaya masa asuba ta kusa a ɗaura wa dabbobi kaya, Kaza da 'ya'yanta ke gaya masa inda shekara ta kai.

Kakana bai je Gwanja ba, zamaninsa ya zo bayan an daina wannan doguwar tafiya da ƙafa. Shi kanwa da mangul yake ɗaukowa daga wajen Gumel da Maigatari, ya gangaro da su kasuwannin kudu, ya koma da hatsi da barkono. Da ya tsufa ƙafa ta ƙi, sai ya riƙa yin tafiyar da baki, muna zaune muna ji. Ba ya cewa mil kaza. Zai ce ka tashi da asuba ka sa gabas a hannun hagunka, hantsi ya same ka a kukar da aradu ta tsaga, ka wuce rijiyar farko don ruwanta zartsi ne jakai ba sa sha, ka sauka a ta biyu, ka gaida mai garin ka ba shi ɗan ɓarin kanwa. Kowace alama da dalilinta, kowane zango da mutumin da za ka nema. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk garin da aka tambaye shi hanyarsa, sai ya fara da tambayar wane wata za a yi tafiyar. A wurinsa kowane gari hanya biyu gare shi, ta rani da ta damina.

Ƙasar ce ta sa haka. Tsakiyar Jigawa jigayi ne na yashi da suka kwanta layi-layi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, tsakaninsu kwari da fadamu, can arewa kuma kogin Haɗejiya da rassansa suna malala ta Ringim da Miga da Auyo. Da rani kwari ne hanya, don ƙasarsa ta bushe ta yi tauri, jigawa kuwa rairayi ne mai gajiyar da dabba. Da damina sai abin ya juye: kwarin ya cika da ruwa da taɓo, yashin tudu ya sha ruwa ya danne, kowa ya hau sama. Wanda bai riƙe wannan ba, ko me ke hannunsa, bai san hanyar Jigawa ba tukuna.

Turawan farko da suka ratsa wannan yanki da niyyar zana shi a takarda ba su raina wannan ilimi ba. Hugh Clapperton ya taso daga Kukawa ta Katagum ya shiga Kano a watan Janairu 1824, da ya isa Sakkwato kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasar, wadda aka buga a Ingila bayan ya koma. Heinrich Barth ya bar Kano a watan Maris 1851 ya bi ta Gumel zuwa Barno, ya kuma rubuta cewa Gumel babbar matattarar cinikin kanwa ce. Yana da agogo da na'urar nuna arewa, yana rubuta tsawon tafiya da fuskar da aka dosa. Amma garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba, daga bakin fatake da mahajjata ya samo su: ya zaunar da mutum, ya ce lissafo mini zangunan da ke tsakanin wuri kaza da wuri kaza, yana rubutawa. Da irin waɗannan bayanai aka zana taswirorin da Turai ta yi shekaru tana dogara da su. Tun ranar farko, abin aunawa na baƙo ne, sanin ƙasar na 'yan ƙasa ne.

Bayan cin Kano a 1903 da Haɗejiya a 1906 hanyoyi suka fara bin buƙatar masu mulki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka miƙa shi zuwa Nguru a 1930 ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, bai ko leƙo Dutse ba. Gyaɗa ce ta zana sabuwar taswira: duk hanyar da ke kai buhu tashar jirgi ko kanti ita ake sharewa, talakawa ne kuwa ke share ta da aikin tilas a ƙarƙashin hakimai da dagatai. Babbar hanyar da ta fita daga Kano ta Wudil ta nufi Birnin Kudu, shi ya sa can aka fi ganin baƙi da motoci da manyan gine-ginen gwamnati. Dutse ta zauna a gefe, garin hakimi a cikin ƙasar Kano, wanda mai zuwa cikinsa ke ratsewa daga Kwanar Huguma.

A wannan zamani ne sanin hanya ya sauka daga jaki ya hau mota, kuma makarantarsa ita ce zaman karen mota. Baffa ya sha ba mu labarin shekarun da ya yi a bayan wata tsohuwar Bedford kafin maigidansa ya sayi roka. Aikinsa wanke mota, ɗaure tamfol, ɗebo ruwan lagireto, da dirowa da weji a guje duk lokacin da mota ta tsaya a kan tudu. Sitiyari kuwa sai an jima ƙwarai ake bari ya taɓa. Amma a saman kayan nan, rana da sanyi, hanya ke shiga kansa. Ya san kwalbatin da ya zauna, da gangarar da ake shiga da giya ta biyu, da garin da awaki ke kwana a kan titi, da inda za a fita da faranti da shebur don rairayi zai riƙe taya. Maigidan kan yi masa jarrabawa da dare: ya tashe shi daga gyangyaɗi ya ce, “Kai yaro, ina muke?” In ya duba duhu ya rasa amsa, ranar ba shi da sakewa. Baffa ya ce da jijjigar mota kaɗai ya koyi gane wuri kafin ya buɗe ido.

Labarin hanya kuwa a tasha ake samunsa, wajen mai shayi da 'yan kamasho. Wanda ya iso daga gabas ya faɗi inda ruwa ya ci, wanda ya taso daga Kano ya faɗi inda ake aiki. A kan titi ma ana magana da fitila da hannu, direba ya gargaɗi ɗan'uwansa da ke tahowa cewa akwai haɗari ko dabbobi a gaba. Lokacin da Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, Baffa ya ce abin da ya fi ba su wuya ba juya hannu ba ne, sake haddace ramuka ne, don duk wanda suka sani yana ɗaya gefen. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, da aka kafa a 1978 ta tarar da wannan tsari a tashoshi, ba ita ta ƙirƙire shi ba. Da fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna ta cika hanyoyi, da kuma hanyoyin burji da aka yi ta yi wa karkara bayan kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986, sai ƙananan motoci suka fara shiga ƙauyukan da dā sai a-kori-kura ranar kasuwa.

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Kano, ta ba Dutse hedikwata. Cikin 'yan makonni ma'aikata suka kwararo garin da ba shi da gidajen da za su ɗauke su, da yawansu suna zuwa daga Kano da safe su koma da yamma. Garin ya yi ta faɗaɗa daga Garu da Limawa da Fagoji zuwa Takur da Gida Dubu da Danmasara. A zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, aka shimfiɗa tituna da shatale-tale, aka gina sabuwar sakatariya, Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, filin jirgin sama ya buɗe a 2014. An raɗa wa tituna sunaye, an kafa alluna, amma har gobe ɗan Dutse da alama yake kwatance: bayan asibitin Rasheed Shekoni, gaban gidan mai, layin da ke kallon masallaci. Wannan ya isa tsakanin 'yan gari. Bai isa ga ɗalibin da ya zo daga Inugu ba, ko 'yar bautar ƙasa da aka sauke a sansanin Fanisau aka ce gobe ta kama aiki a Gantsa. Irin waɗannan baƙi ne na fara gani suna tafiya da ido a kan waya.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta 2001, kuma amfaninta na farko a harkar hanya shi ne kira: “Kana ina? To tsaya nan, ga yaro nan zuwa.” Sai da manyan wayoyi masu araha irin su Tecno da Itel da Infinix suka cika kasuwa sannan taswira ta shiga aljihun talaka. Abin da ke bayanta kuwa ya daɗe. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiri GPS, suka harba tauraronsa na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995, a watan Mayu 2000 kuma aka cire dusashewar da ake sa wa siginar farar hula da gangan. Taurarin, aƙalla 24, suna kewaya duniya sau biyu a yini a nisan kusan kilomita 20,200, kowanne yana aiko da lokacinsa da matsayinsa. Waya ta saurari huɗu ko fiye, ta auna jinkirin isowar saƙon kowanne, ta fitar da inda take. Rasha da Turai da Sin duk suna da nasu, kuma wayoyin yanzu suna haɗa su. Akwai abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba: wayar saurare kawai take yi, ba ta buƙatar sabis ko data kafin ta san inda take. Hoton taswirar ne ke cin data. Wanda ya sauke taswirar Jigawa a wayarsa tun yana Dutse, shuɗin ɗigon nan zai ci gaba da bin sa har cikin fadamar da ko kira ba ya shiga.

Babban aikin taswira da aka yi wa ƙauyukanmu a wannan zamani ba don direbobi aka yi shi ba, don yara aka yi. Masu rigakafin shan inna sun yi shekaru suna fita da taswirar da aka zana da biro, ana tsallake rugage da ƙananan unguwanni ba tare da kowa ya sani ba. Daga wajajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam a jihohin arewa, har da Kano da Jigawa, ana sa alama a duk inda aka hango rufin ɗaki. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin waɗanda suka riƙe aikin. Amma hoto ba ya faɗin suna. Sai da aka tura matasa a kan babura suka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, suka zauna da masu unguwanni da arɗo-arɗo suka tambaya. Sannan aka riƙa ba ma'aikatan rigakafi waya su jefa a jaka, da yamma a duba sawunsu a ga inda suka taka da inda suka bari. A watan Agusta 2020 aka tabbatar Nijeriya da Afirka sun rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Ina ganin wannan aiki bai samu yabon da ya kamace shi ba, kuma yadda aka yi shi daidai yake da yadda Barth ya yi nasa: na'ura ta auna, dattijon gari ya faɗi suna.

Shi mariƙin waya, ƙaramin abu ne da ake sayarwa a shagunan kayan waya da hannun yara masu talla a tasha, direbobi na ce masa holda. Akwai mai roba da ke tsotsar gilashi, akwai mai cizon ramin iskar mota, akwai mai maganaɗisu, akwai na kan hannun babur da 'yan acaɓa da masu kai saƙo ke ɗaurawa. Ƙasarmu tana gwada su gwaji mai tsanani. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, robar kan saki gilashi, wayar da rana ke duka kai tsaye kuma ta yi zafi ta rage haske ko ta ɗauke gaba ɗaya, musamman in tana kan caji. Mai dogon wuya ba ya jure gargadar burji, rawa zai yi ta yi har ka kasa karanta komai. Ƙurar hunturu ma tana kashe mannewar roba, sai an goge gilashin da ɗan ruwa. Ni na tsaya a kan gajere mai kama waya ta gefe biyu, na kafa shi ƙasa-ƙasa inda ba ya tare mini titi kuma inuwa ke samunsa.

Ban ɗauke shi ado ba. Na sha zama a gaban motar haya direba na riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, waya a kan cinya, yana sunkuyawa yana ɗagowa, ga shanu na tsallaka titi, ga yara na dawowa daga makaranta. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Sunkuyawar daƙiƙa uku ta kusa tsawon filin ƙwallo ana tafiya a makance. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a 1988, ta sa amfani da waya yayin tuƙi cikin laifuffuka, tarar da aka daɗe ana yankawa kuma naira 4,000 ce. A ƙarshen 2019 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan wani jami'inta ya ce duba taswirar Google a kan tuƙi laifi ne, daga baya hukumar ta fayyace cewa abin da take hanawa shi ne latse-latsen waya mota na tafiya, mutum ya saita inda za shi tun kafin ya tashi. Wannan ita ce magana. A saita a tsaye, a ɗora a mariƙi, a bar murya ta yi aiki, in za a canja wani abu a gangara gefe.

A kan kwalta ba ni da abin cewa sai yabo. Daga Dutse zuwa Kano ta Gaya da Wudil, ko zuwa Azare ta Shuwarin a kan tagwayen hanyar da aka ba da kwangilarta tun 2006, wayar tana faɗin nisa da lokacin isa kusan daidai. Tana fitar da ni daga cunkoson Kano ta layukan da ban sani ba. Na ga manomi ya tura wa mai tarakta ɗigon gonarsa ta WhatsApp, na ga dillalin riɗi ya jawo babbar mota daga Legas har ƙofar sitonsa ba tare da ya tura yaro bakin titi ba. Mace mai tafiya ita kaɗai da dare ba sai ta tsaya tambayar wanda ba ta sani ba. Duk wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne bai taɓa ɓata da mara lafiya a mota ba.

Daga inda kwalta ta ƙare ne nake rage yarda da ita. Taswirar hanya ɗaya ta sani, ta rani da ta damina duk layi ɗaya ne a wurinta. Tana son gajeriyar hanya, alhali mu an ce mana hanyar lafiya a bi ta da shekara. A daminar 2022, da ambaliya ta mamaye Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa da sauransu, na ga layi shuɗi sumul a fuskar wayata ya ratsa wurin da mutane ke shiga kwalekwale. Cunkoso da rufewar hanya tana gane su ne daga yawan wayoyin da ke tafiya a kai. A Legas wannan yana aiki, a hanyar ƙauyen da mota biyar ke bi a yini babu wanda zai gaya mata. Ga kuma rikicin sunaye. Rubuta Dutse ba tare da Jigawa ba, tana iya miƙa ka Abuja; haka Garki; Madobi akwai a Dutse akwai a Kano. Wasu garuruwan an rubuta su yadda mazaunansu ba za su gane ba, wasu babu su sam. A watan Yuli 2019 Google ta fito da murya mai harshen Turancin Nijeriya da tsarin masu babur, amma dai Turanci ne, kuma hagu da dama take faɗi, alhali mutanenmu da gabas da yamma da kudu da arewa suke kwatance, don mai salla kullum ya san alƙiblarsa.

Shi ya sa har yau in na bar titi nake tsayawa. In kashe mota, in fito, in yi sallama.

“Baba, sannu da hutawa. Yaya iyali, yaya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara, ɗana. Daga ina?”

“Daga Dutse. Don Allah hanyar Harbo nake nema ta nan ciki.”

Kafin ya amsa sai ya dubi tayoyin motar, ya dubi tsayinta daga ƙasa. “Da wannan? Ba za ta haye kwarin ba, an yi ruwa shekaranjiya. Koma ka bi kwalta. In kuwa dole ne, ka yi arewa ta bayan makaranta, ka hau jigawa, kada ka sauka sai ka ga tsamiya.”

A cikin wannan 'yar magana akwai irin motata, da ruwan shekaranjiya, da halin ƙasar wurin, abubuwa uku da babu ko ɗaya a wayata. Sau da yawa kuma nakan tashi da labarin tsutsar da ta shiga gero ko takin da bai iso ba, wanda shi ne ainihin aikin da ya fito da ni. Abin da ke damuna shi ne ina ganin samarin direbobi da ke jin tsayawa tambaya faɗuwar girma ce. Yanzu yaro na koyon mota cikin 'yan makonni ya hau titi, bai yi zaman bayan mota ba, bai zauna da tsofaffin tasha ba. In caji ya ƙare ba zai iya nuna maka gabas ba. Laifin ba na wayar ba ne, mu ne muka bar makarantar ta rushe ba mu gina wata ba.

Gyaran kuwa yana hannunmu. Taswirar Google tana karɓar gyara da ƙarin wurare daga kowa, OpenStreetMap da aka fara a 2004 ma gaba ɗayanta masu sa kai ne ke zana ta, kuma tana da wurin rubuta ko hanya kwalta ce ko burji ko yashi, da ko tana mutuwa da damina. Muna da ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa da kwalejin kimiyya da fasaha, waɗanda za su iya ɗaukar ƙaramar hukuma ɗaya-ɗaya cikin 27 a matsayin aikin kammala karatu. Muna da masarautu biyar da ke da sunan kowace unguwa a hannun dagatai. Muna da tsofaffin direbobi a tashoshin Dutse da Shuwarin da Birnin Kudu da Gujungu, da masu kai dabbobi Maigatari kowace Alhamis, waɗanda ke ɗauke da hanyoyin jihar nan a ka, kuma kullum raguwa suke yi. Kakana ya tafi da nasa ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Baffa ma ya tafi.

Ina roƙon shugabannin tasha su sa mariƙin waya cikin abin da ake dubawa kafin mota ta yi lodi, su kuma haɗa kowane sabon direba da tsoho na ɗan lokaci. Kai kuma mai karatu, in kana da babbar waya, buɗe taswira yau ka nemi garinku. In babu shi, ko an karkata sunansa, ko an bi da hanyarsa ta cikin fadama, je ka gaida mai unguwa ka tambaye shi daidai, sannan ka shigar da shi da asibitinsa da makarantarsa da kasuwarsa.